Inna da Kwanon Ƙanƙara a Doha

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda 'yan unguwarmu ke kira Inna Abu, ni kuwa Inna kawai nake ce mata. Ina wannan rubutu ne daga Doha, a hawa na uku na wani bene da ke Madinat Khalifa, inda nake zaune da 'yata Ummi da tsohon ciki. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, don haka masu karatu su yi min haƙuri in maganar ta zo kamar hira. Haka na iya. Kuma gaskiya na daɗe ban samu wanda zan yi doguwar hira da shi ba.

Garinmu yana can arewacin Nijar, bakin hamada. Wutar lantarkinmu, wadda mu can muke ce wa kuran, kwal ake ƙonawa a same ta. Akwai wani ƙaton rami nesa da gari inda ake haƙo shi, baƙi ƙirin kamar gawayi amma dutse ne, tashar wutar kuma tana nan gefen ramin. Ban taɓa ganinta da idona ba. Sai dai motocin da ke fitowa daga can, da baƙar ƙura a tayoyinsu, da direbobi masu tari.

Abin da kowa ya sani shi ne ba don mu aka gina tashar ba. Don kamfanonin ma'adinai da ke can gaba aka gina ta. Garinmu daga baya ya shigo, da yarjejeniya: su a ba su su ƙoshi, abin da ya rage a turo mana. Lokacin sanyi ragowar tana isar kowa. Da bazara ta kama kuwa, sai a dinga raba ta unguwa unguwa. In yau akwai a Tudun Malamai inda muke, to babu a Bayan Tasha inda Goggo Tabawa, ƙanwar babanmu, take aure. Gobe sai a juya.

A nan ne matan garinmu suka fito da wata al'ada da ban ga irinta ko'ina ba. Ranar da kike da kuran, sai ki cika firji da kwanonin sha, ruwa ya daskare. Da la'asar ki naɗe kwano a buhu, ki ɗauka da kanki, ki kai gidan wata da ke unguwar da babu. Ba a aika yaro. Aika yaro raini ne. Ke za ki je, ki yi sallama, a shimfiɗa miki tabarma, a fasa ƙanƙarar a randa kina zaune, a ba ki labarin wanda ya haihu da wanda ya kwanta. Kwanon kuma a can za ki bar shi. Gobe da wutar ta koma wajensu, ita za ta zo da shi a daskare. Ko faɗa kuka yi, ranar ƙanƙara ba a fasawa. Na sha ganin Inna da Goggo ba sa ga-maciji, amma kwano yana kai-komo, ana miƙa shi fuska a ɗaure, har wata rana ɗaya ta fashe da dariya.

Ni ce autar Inna. Aure ya kawo ni Doha. Maigidana, Baban Ummi, Bakatsine ne, ɗan wata 'yar uwar babanmu, injiniya a wajen da ake sarrafa iskar gas can arewa bakin teku. Yakan yi mako biyu a can, ya zo gida ya huta, ya koma. Mutumin kirki ne, ban rasa ci ba, ban rasa sha ba. Amma da ya ja ƙofa ya fita, ba na jin muryar kowa sai ƙarar esi mai sanyaya ɗaki. Ba na jin Larabci sai na sallah, Turanci kuwa ko na gaisuwa ban iya ba a lokacin. Ƙofofin hawanmu kullum a rufe suke. Ina jin takun mutane, ina jin lif yana hawa yana sauka, amma ban san fuskar kowa ba. Matan abokan aikinsa Hausawa suna can Ain Khaled, sai da mota, sai ran suna ko Sallah.

Da na samu cikin Ummi, al'ada in koma gida in haihu a gaban Inna. Takardun zamana ba su kammala ba, aka ce in na fita, dawowar za ta yi wuya. Sai Baban Ummi ya nema wa Inna biza ta zo ta yi min jego. Matar da ba ta taɓa wuce Zinder ba ta hau jirgi har biyu, da ƙullin kanwa da garin gero da tsamiya a jaka.

Tsakiyar zafi ta iso. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne famfo. A nan da bazara tankin da ke saman bene yakan tafasa da rana, don haka famfon da aka ce na sanyi ne yake kawo ruwan da zai sale fata, mutane kuma su kashe hita su sha sanyi daga famfon zafi. Inna ta tara hannu, ta janye da sauri, ta ce, "Auta, garin nan an yi shi don masu jego. Ko itace ba sai an saya ba." Ta sauka ƙasa ta karyo ganyen darbejiya a bakin titi, mai gadin benen yana ta ɗaga mata hannu, ita kuma tana ɗaga masa, a zatonta gaisuwa ce.

Kwanakin farko ba ta yarda da wutar ba. Da asuba ta cika bokitai, ta cika kwanoni ta jera a firji, ta yi guga duk da babu abin gogewa mai yawa, wai kafin a ɗauke. Aka kwana, aka wuni, aka sake kwana, fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. Sai na ga ta zauna tana kallon ƙwan fitilar falo kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Inna ba ta magana da surukinta kai tsaye, kunya take ji. Ko yana zaune a falon, ni take wa magana.

"Auta, tambayar min maigidan. Wace unguwa aka ɗauke wa aka ba mu?"

Ya rusuna ya ce, "Inna, ba a ɗauke wa kowa ba. Nan gas ake ƙonawa, yana da yawa. Kowa na da wuta, kullum."

"Kowa?"

"Kowa, Inna."

Ta juyo gare ni. "To ki ce masa, me suke kai wa juna?"

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ita ba ta yi ba.

Sai daga baya na gane lissafin da take yi. Ta ga yadda nake tun da na haifi Ummi, in jaririyar ta yi tari sau ɗaya, in miƙe in kasa zama. Ta ga ina leƙa numfashinta in tana barci, ina kara yatsa a hancinta. Tun ina yarinya haka nake, zuciyata ba ta da nisa da tsoro. Ta kuma ga ranar da maigidan ya ɗauki jakarsa ya koma bakin aiki. Ta san da an yi arba'in bizarta ta kusa ƙarewa, za ta tafi ta bar ni da jaririya a cikin bene cike da mutane, ba tare da ƙofa ɗaya da zan iya bugawa ba.

Ran nan da la'asar na fito daga wanka, na tarar ta yafa gyale, ta naɗe kwanon ƙanƙara a tawul, tunda babu buhu.

"Inna, ina za ki?"

"Maƙwabta."

"Ai suna da firji. Kowa na da shi."

"Na ji. Rufe ƙirjinki, iska za ta shige ki."

Ƙofar farko ba a buɗe ba. Ta biyu wata 'yar aiki ce ta leƙo, ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta tsaya tana kallon sa yana ɗiga a kan kafet, sannan ta mayar wa Inna da sauri ta rufe. Washegari wani mutum ya ɗauka sayarwa take, ya kaɗa mata hannu yana cewa khalas, khalas. Inna ta dawo da kwano rabinsa ya narke, ta zuba a tukunyar kunu, ta ce, "Wannan ba matarsa a gida. Ba laifinsa ba ne." Ta sake cika wani.

Ni kunya ta ishe ni. Ina ɗaki ina jin ƙarar silifas ɗinta a baranda, ina jin ana buɗewa ana rufewa. Da Baban Ummi ya dawo hutu, mai gadi ya tare shi a ƙasa ya ce an kawo ƙara, wai wata tsohuwa tana yawo da ƙanƙara tana buga ƙofofin mutane. Ya hau da fuskarsa a jiƙe da gumi. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya durƙusa nesa da ita ya ce, "Inna, don Allah a yi haƙuri. Nan ba kamar gida ba ne. In mai bene ya ji haushi, zai iya kai maganar wajen kafil ɗina, wanda ya tsaya min a takardun zama, shi kuwa zamanmu duk a hannunsa yake."

Inna tana jijjiga jaririyar, wadda aka sa wa sunanta. Ta dube ta, ta ce, "Takwara, kin ji babanki. Tambaye shi, ranar da zazzaɓi ya kama ki yana can bakin teku, kafil ɗin ne zai hawo bene ya riƙe ki uwarki ta sa hijabi?"

Ya tashi ya shiga ɗaki. Da daddare ya ce min in roƙe ta, aƙalla ta tsaya a hawanmu, kada ta hau na sama.

Saura ƙofa ɗaya a hawan, ta can ƙarshen baranda. Mai ita wata Ba'indiya ce, Rukiya, mijinta yana aiki a kantin magani. Ta buɗe, ta dubi Inna, ta dubi kwanon. Ban san me ta fahimta ba, har yau ban sani ba. Amma ta karɓa, ta matsa gefe. Inna ta cire silifas ta shige ta zauna a ƙasa, ta yi ta zuba mata Hausa, wai tana gaya mata an yi haihuwa a ƙofa ta uku, mace ce, uwar yarinya ce kuma ba ta da kowa. Rukiya tana kaɗa kai irin nasu. Inna ta taso ta bar kwanon.

Washegari aka buga mana ƙofa. Tun da na zo Doha ban taɓa jin an buga ƙofar nan ba sai mai kawo tukunyar gas. Rukiya ce da kwanonmu, an rufe shi da faranti. Inna ta ɗaga farantin, ta ga wani abu fari fat mai laushi da ƙananan huji a jiki. Ta gutsura ta tauna, ta ce, "Auta, ashe suna sinasir! Sai dai sun manta albasa."

Daga nan kwano bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Mu ƙanƙara muke kaiwa, don Inna ta ce kada a canza, da ita aka san mu. Rukiya tana karɓa kullum kamar abin da ta rasa, ko da yake na sha ganin firjinta, ya fi namu girma. Ranar da Inna za ta tafi, ta kamo hannun Rukiya ta ɗora a kaina, ta ɗora a kan Ummi, ta ce, "Amana." Wannan kalmar kam Rukiya ta gane ta.

Inna ba ta cika shekara da komawa ba Allah ya yi mata rasuwa. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe ba. Da hantsi Goggo Tabawa ta kira, katin wayarta ya ƙare tana tsakiyar magana, amma na riga na ji abin da zan ji. An binne ta tun kafin labarin ya iso ni. Baban Ummi yana bakin aiki, inda ba a shiga da waya. Na ɗauki Ummi, ban ko sa takalmi ba, na bi barandar nan har ƙarshe. Rukiya ta buɗe, ta ga fuskata, ta ce, "Inna?" Na gyaɗa kai. Ta karɓi yarinyar ta saɓa a kafaɗa, ta zaunar da ni, ta zauna kusa da ni. Zaman makokin da na yi wa mahaifiyata ke nan, ni da mace ɗaya, ba mai jin yaren wani, har maigidan ya samu izini ya iso.

Shekara uku muna tare da Rukiya. Ita ta raka ni asibiti lokacin da Ummi ta shiɗe da zazzaɓi, ita ta koya min sunayen kaya a shagon da ke ƙasan bene. Bara aikin mijinta ya ƙare. A garin nan in aiki ya ƙare, zama ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki suka tattara, na tsaya a baranda ina kallon ana fitar da katifa. Ta rubuta min lambar wayar ƙauyensu. Na kira sau ɗaya, muka yi ta kiran sunan juna muna dariya, sannan muka yi shiru, don duk hirarmu da hannu muke yin ta, waya kuwa ba ta kai hannu.

Yanzu kuma ga labari daga gida. Goggo ta ce wa'adin yarjejeniyar nan ta wuta ya kusa cika, gari ya ɗauka, ba a maganar komai sai ita. Dattawa sun ce in za a sabunta, a sa gari a gaba, asibiti da famfunan ruwa su fara samu kafin kamfanoni. Wasu sun ce a ƙara wa tashar inji. Matasan da suka yi karatu kuma suna cewa kwal ɗin kansa ne ciwo, a dubi tarin direbobi da na mutanen da ke kusa da ramin, a dubi hasken ranar da Allah ya hore mana kyauta, a yi wuta da shi. Wasu na cewa in aka rufe ramin, ina mazan za su je? Ni ban san wanda ya fi gaskiya ba. Na dai tambayi Goggo ko ana kai ƙanƙara har yanzu. Ta ce, "Wa zan kai wa, Auta? Masu hali sun sayi janareto, marasa hali suna saye a shago. Tun da uwarki ta tafi ban taka Tudun Malamai ba sai gaisuwar mutuwa."

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga wannan. Ba na zaton za ta yi kewar duhu. Ta riƙe wa mata cocila a ɗakin haihuwa, ta ga nama ya lalace ran Sallah, ta ga tsofaffi suna haki a zaure da rana tsaka. Da an tambaye ta, za ta ce a ba asibiti tukuna, kamfani ya jira, shi ma ya ɗanɗana. Da ta ga dogayen benayen da suka tsiro a West Bay bayan tafiyarta, fitilu a kunne tun daga ƙasa har sama ba kowa a ciki, na san za ta riƙe haɓa ta ce wannan ai na unguwa goma ne. Amma bayan ta gama mamaki, ni za ta juyo ta kalla, ta dubi cikin nan, ta tambaye ni sunan matar da ta tare a gidan Rukiya. Ni kuwa ban sani ba.

Wata da watanni ina jin takun sabuwar maƙwabciyar, ina jin kukan jaririnta. Kullum sai in ce gobe. Ba ni da ƙarfin halin Inna. Ita an rufe mata ƙofa a fuska ta koma ta cika wani kwano, ni kuwa ko mai gadi ya dube ni sau biyu sai in kwana ina tunanin me na yi. Ga shi likita ta ce haihuwar ta kusa, kuma tana iya zuwa ba shiri. Baban Ummi ya nemi hutu, an ce sai an samu wanda zai tsaya masa. Ba wanda zai hau jirgi biyu da ƙullin kanwa a wannan karo. In naƙuda ta kama ni da rana tsaka, wa zan bar wa Ummi? Wa zai kira mota? Wannan tunanin ya hana ni cin abinci.

Inna ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. 'Yan kunnenta yayyena suka raba, hotonta ɗaya gare ni, na fasfo, ta ɗaure fuska a ciki kamar ba ita ba. Abin da ya rage min nata shi ne na gan ta da idona, tsohuwa a ƙasar da ba ta jin kalma ɗaya, tana tsaye a bakin ƙofar mutanen da ba su buƙatar komai daga gare ta, ana mata kallon mahaukaciya, kuma ba ta janye ba sai da ta sama wa 'yarta wajen zuwa.

Shekaranjiya, ranar da Inna ta cika shekara huɗun da rasuwa, bayan na yi mata addu'a na raba dabino a ƙasan bene, na kama hannun Ummi muka bi baranda. Hannuna ba komai. Na danna ƙararrawa.

Yarinya ce, ba ta kai ni ba ma, fara siririya, da jariri a kafaɗa, ta buɗe ƙofar kaɗan kawai. Idonta irin nawa ne, na wadda ta daɗe ba ta yi magana da babba ba. Na yi sallama, ta amsa. Daga nan kalmomi suka ƙare. Na nuna cikina. Na nuna ƙofarmu. Na nuna Ummi, na nuna ƙofarta.

Ta daɗe tana kallona, har na fara ja da baya. Sai ta buɗe ƙofar duka, ta kamo hannun Ummi ta nuna mata ƙararrawar. Ummi ta yi ɗage, ta miƙa hannu iya ƙarfinta, yatsanta bai kai ba. Matar ta shiga ciki. Ta fito da wata 'yar kujera ta roba, irin ta zaman wanki, ta ajiye a ƙarƙashin ƙararrawar. Ummi ta hau ta danna, ta sake dannawa, jaririn ya farka da kuka, mu duka muka yi dariya.

Har yanzu ban iya faɗin sunanta daidai ba. Ɗazu na leƙa, kujerar tana nan a baranda, mai shara ya matsar da ita, matar ta fito ta mayar.

Allah ya ji ƙan Inna, ya sanyaya mata makwanci. Ni kuma wanda ya karanta, ya sa ni a addu'a Allah ya sauke ni lafiya.